Kuɗi nawa mutum zai tara kafin ya ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa?

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana yin ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ƙara wa malaman firamare da sakandare zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, yayin da farfesoshi da alƙalan manyan kotuna ke kaiwa 70.

Sai dai ba kowa ke son jiran wannan rana ba. Akwai ma'aikacin banki da ke fita tun asuba ba ya dawowa sai bayan isha'i, akwai ma'aikaciyar jinya da kwanan asibiti ya gajiyar, akwai ɗan kasuwar da ya shekara ashirin a rumfa ɗaya yana burin ya miƙa makulli ya koma gefe. Dukkansu tambayarsu ɗaya ce: nawa za su ishi mutum ya ce ya huta, ba tare da ya wayi gari yana neman rance ba bayan shekara biyar?

Amsar tana da lissafi, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Wahalar tana cikin yanayin ƙasar da za a yi shi.

Daga ina lissafin ya samo asali?

Mafi shaharar amsa ga wannan tambaya daga Amurka ta fito. A shekarar 1994, wani mai ba da shawara kan harkokin kuɗi mai suna William Bengen ya bibiyi tarihin kasuwar hannun jari da ta takardun lamunin gwamnatin Amurka tun daga 1926. Abin da yake son sani shi ne, nawa mai ritaya zai riƙa cira daga dukiyarsa duk shekara ba tare da ta ƙare yana raye ba.

Ya gano cewa idan mutum ya ciri kimanin kashi 4 cikin 100 a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙarawa daidai da tashin farashin kaya, dukiyar za ta kai shi aƙalla shekara 30, ko da ya yi rashin sa'ar yin ritaya a mafi munin lokaci. A 1998 wasu malamai uku na Jami'ar Trinity da ke jihar Texas suka gudanar da bincike makamancin wannan, sakamakonsu ya zo kusa da nasa.

Daga nan aka samo ƙa'idar da ta bazu a duniya: mutum ya lissafa abin da yake kashewa a shekara, ya ninka sau 25. Abin da ya fito shi ne jarin da yake buƙata. Masu ra'ayin yin ritaya da wuri a Amurka, waɗanda ake yi wa laƙabi da FIRE, a kan wannan ƙa'ida suka gina tsarinsu. Cikinsu akwai injiniyan kwamfuta Pete Adeney, wanda ya ajiye aiki a 2005 yana ɗan shekara 30, daga baya ya yi suna wajen koyar da tsuke bakin aljihu.

Abin lura shi ne ƙa'idar ba ta tambayar albashin mutum. Abin da take dubawa shi ne kashe kuɗinsa. Mai albashin miliyan biyu da ke cinye miliyan biyun duk wata ya fi nisa da ritaya a kan mai dubu ɗari huɗu da ke ajiye rabi.

Idan aka mayar da lissafin zuwa Naira

A ɗauki misalin magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, wanda ke kashe Naira 300,000 a wata kan abinci, wuta, ruwa, kuɗin mota, magani da sauran hidimomin gida. A shekara, Naira miliyan 3.6 ke nan. Idan aka ninka sau 25, yana buƙatar Naira miliyan 90.

Wanda hidimarsa ta kai Naira 500,000 a wata yana buƙatar miliyan 150. Shi kuwa mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a watan Yulin 2024, idan da abin da yake kashewa ke nan, yana buƙatar miliyan 21, wato albashinsa na shekara 25 cif ba tare da ya taɓa ko kwabo ba.

Shekara nawa za a ɗauka kafin a tara? Wannan ya danganta da kason da mutum ke iya warewa. Idan jarinsa yana kawo ribar da ta ɗara hauhawar farashi da kashi 5 cikin 100 duk shekara, mai ajiye rabin samunsa zai kai ga gaci cikin kimanin shekara 17. Mai ajiye kashi 20 zai shafe kusan shekara 37. Mai ajiye kashi 10 kuwa sai ya haura shekara 50, wato ritayar gwamnati ma ta riga shi zuwa.

Idan kuma ribar ba ta wuce hauhawar farashi ba, sai dai ta yi kunnen doki da shi, ko mai ajiye rabin albashinsa sai ya yi shekara 25.

Inda gizo ke saƙar

Ƙa'idar ninki 25 an gwada ta ne a kan tattalin arzikin Amurka. A duk tarihin da Bengen ya bincika, waɗanda suka fi shan wuya ba waɗanda suka yi ritaya gab da durƙushewar kasuwa ta 1929 ba ne. Waɗanda suka ajiye aiki a tsakiyar shekarun 1960 ne, domin su ne tsadar rayuwa ta shekarun 1970 ta riska. A wancan lokacin, hauhawar farashi a Amurka ta kai ƙololuwa ne a wajen kashi 13 zuwa 14 cikin 100 a 1980.

Abin da Amurkawa ke tunawa a matsayin bala'i, a Najeriya shekara ce mai dama-dama. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, sun nuna cewa daga Fabrairun 2016 har zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashi ba ta taɓa sauka ƙasa da kashi 10 ba. A Disambar 2024 ta kai kashi 34.8, kuma a tsakiyar shekarar ta kayan abinci ta haura kashi 40. Dattawa ba su manta da 1995 ba, lokacin da ta zarce kashi 70.

Idan farashi yana tashi da kashi 20 duk shekara, kaya suna ninka kuɗinsu cikin ƙasa da shekara huɗu. Hidimar Naira 300,000 ta yau za ta koma kusan miliyan 1.9 a wata bayan shekara goma. Magidancin da ya ajiye miliyan 90 ɗinsa a asusun banki ba tare da juya su ba, yana zaton za su kai shi shekara 25, ba za su wuce shekara goma ba. Idan ya ajiye aiki yana da shekara 45, zai wayi gari hannu rabbana yana ɗan 55, lokacin da babu ma'aikatar da za ta sake ɗaukarsa.

Ga kuma darajar Naira. A 2014 ana canzar da dala ɗaya a kan kimanin Naira 160. A ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye aiki a 2014 da Naira miliyan 25 yana riƙe da fiye da dala 150,000 ne, kuma kowa zai ce ya haye. Shekara goma bayan nan, waɗannan kuɗin ba su kai dala 17,000 ba. Buhun shinkafar da yake saye a wajen Naira dubu goma ya haura dubu tamanin, litar man da ba ta kai Naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta zarce dubu ɗaya a ƙarshen 2024.

Tarkon riba mai yawa

Wasu kan ce ai a Najeriya riba ma tana da tsoka, tunda akwai lokutan da takardun lamunin gwamnati ke ba da kusan kashi 20 cikin 100. A nan ne da yawa ke zamewa.

A ce an zuba miliyan 90 a jarin da ke kawo kashi 20. A ƙarshen shekara za a samu miliyan 18, wato miliyan ɗaya da rabi duk wata. Amma idan farashi ya tashi da kashi 18 a wannan shekarar, sai an mayar da miliyan 16.2 cikin uwar kuɗin kafin ta iya sayen abin da ta saya bara. Ribar gaskiya miliyan 1.8 ce kacal, wato Naira 150,000 a wata. Duk wanda ya cinye miliyan 18 ɗin yana ganin riba ya ci, uwar kuɗinsa yake gutsura bai sani ba.

Kuma ribar ba ta tsayawa wuri ɗaya. A ƙarshen 2020, kuɗin ruwan takardun lamunin gwamnati na gajeren zango ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100, alhali hauhawar farashi tana wajen kashi 15. Sukuk na farko da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ya fitar a 2017, na Naira biliyan 100, ya zo da ribar haya ta kashi 16.47 na tsawon shekara bakwai. Masu shi sun karɓi haƙƙinsu, amma a 2024 da aka mayar musu da uwar kuɗinsu, miliyan ɗayan da suka karɓa ba ita ce miliyan ɗayan da suka zuba ba ta fuskar abin da za ta saya.

Kasuwar hannun jari ma tana da nata tarihin. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ta Legas ya haura maki 66,000, shekara guda bayan nan ya rikito zuwa wajen 20,000. 'Yan fansho da dama da suka zuba garatutinsu a hannun jarin bankuna a wancan lokacin ba su farfaɗo ba. Wannan shi ne haɗarin da masana suka fi jin tsoro: faɗuwa a shekarun farko na ritaya, lokacin da mutum ba shi da zaɓi sai ya sayar da kadara a wulaƙance don ya ciyar da gida.

Ƙarshen hatsarin shi ne kamfanonin da ke alƙawarin riba mai yawa cikin wata guda. MMM ta rufta da jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Mai ritaya da ke ganin kuɗinsa suna zaizayewa shi ne ya fi saurin faɗawa hannun irin waɗannan.

Fansho ba ya fitowa sai a shekara 50

Ma'aikaci da ke cikin tsarin fansho na karo-karo yana iya ɗauka cewa kuɗin da ke asusunsa na cikin jarin da zai fara ci ranar da ya bar ofis. Doka ba haka ta ce ba.

An kawo tsarin ne a 2004, aka yi masa garambawul a 2014. A ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, ma'aikatarsa ta zuba kashi 10, a asusun da kamfanin fansho ke juyawa ƙarƙashin sa idon Hukumar Kula da Fansho ta Ƙasa, PenCom. Mai asusun ba ya fara cin gajiyarsa sai ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, sai fa idan rashin lafiya ce ta raba shi da aiki.

Wanda ya bar aiki kafin 50, idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya neman a ba shi har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. Sauran sai ya jira. Ko da lokacin ya yi, ba a dunƙule ake miƙa masa duka ba. Ana ba shi wani kaso ne, ragowar a riƙa biyansa wata-wata ta hannun kamfanin fanshon ko kamfanin inshora.

Wannan yana nufin wanda ya ajiye aiki yana ɗan shekara 42 yana da giɓin shekara takwas da zai cike daga aljihunsa. A misalin magidancin nan, Naira miliyan 28.8 ke nan a farashin yau, kafin a sa hauhawar farashi. Kuma daga ranar da ya tafi, kashi 10 ɗin da ma'aikata ke zuba masa ya tsaya, don haka fanshon da zai tarar a shekara 50 zai yi ƙasa sosai da na abokin aikinsa da ya zauna.

Ba duk jihohi ne ke bin wannan tsari ba, wasu suna da nasu, kuma a jihohi da yawa tsofaffin ma'aikata kan shafe shekaru suna jiran garatuti. Mai hankali ba ya gina lissafinsa a kan kuɗin da bai san ranar fitarsu ba.

Ga masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, an ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho a watan Maris na 2019, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa. Ga masu gudun kuɗin ruwa kuma, PenCom ta samar da asusun da ake juyawa bisa tsarin da babu ruwa a ciki, wanda ake kira asusu na shida.

Abubuwan da lissafin Amurka bai sani ba

Ba'amurke mai ritaya yana da abin dogaro biyu a gaba: kuɗin tsufa na gwamnati da zai iya fara karɓa daga shekara 62, da inshorar lafiya ta tsofaffi daga 65. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Inshorar da ma'aikacin gwamnatin tarayya ke mora shi da matarsa da 'ya'ya huɗu tana tafiya ne da aikinsa. Ciwon ƙoda mai buƙatar wankin jini ko tiyata guda ɗaya na iya lashe tanadin shekaru.

Na biyu, magidanci a ƙasar Hausa ba kansa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Akwai iyaye, akwai ƙanne, akwai marayun ɗan'uwa. Wanda ya ajiye aiki yana ɗan 45, galibi 'ya'yansa ba su gama sakandare ba. Kuɗin jami'a na gaba, kayan ɗakin 'ya'ya mata na gaba, lefen maza na gaba. Waɗannan ba sa cikin hidimar wata-wata, don haka ninki 25 bai ƙunshe su ba. Haka ma aikin Hajji, wanda kujerarsa ta tashi daga wajen Naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 zuwa sama da miliyan takwas a 2025.

Na uku shi ne zakka. Duk Musulmin da kuɗinsa suka kai nisabi kuma suka shekara, zai fitar da ɗaya bisa arba'in, wato kashi 2.5 cikin 100. A kan miliyan 90 na tsabar kuɗi, miliyan 2.25 ke nan a shekara. Idan aka haɗa da miliyan 3.6 na hidimar gida, abin da ke fita ya zama kashi 6.5, ba kashi 4 ba. Hukuncin ya bambanta tsakanin tsabar kuɗi, kayan sayarwa, gona da gidan haya, shi ya sa ya kamata mai wannan shiri ya zauna da malami kamar yadda zai zauna da mai lissafi.

Na huɗu, tsawon rai. Ƙa'idar Bengen ta shekara 30 ce. Jin cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai 60 ba yana ruɗar wasu, alhali mace-macen ƙananan yara ne ke jan adadin ƙasa. Wanda ya kai 45 da lafiyarsa yana iya ganin 80 ko fiye, kuma matarsa tana iya daɗewa bayansa.

Gida, gona da kasuwa

Tun kafin a san da kamfanonin fansho, Bahaushe yana da nasa tsarin ritaya: fili, gidan haya, gona, dabbobi, da jarin da ake bai wa yaro amintacce ya juya. Fa'idar waɗannan ita ce farashinsu yana tashi tare da na sauran kaya, abin da kuɗin banki ba ya yi.

Amma kowanne da nasa ciwon kai. Fili ba ya kawo ko sisi sai an sayar. Gidan da ya ci miliyan 40, idan hayarsa miliyan biyu ce a shekara, kashi 5 ke nan, kafin a cire gyara, la'adar dillali da watannin da zai zauna babu kowa. Gona a sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato ta zama sai da izinin 'yan bindiga. Gobarar kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, ambaliyar Kantin Kwari a 2022, da ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, duk sun nuna yadda dare ɗaya ke shafe jarin shekaru. Masu ɓoye hatsi don jiran tsada ma sun ɗanɗana kuɗarsu a 2025 da farashin masara da shinkafa ya sauka.

Ko banki yana da iyakarsa. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga kuɗin da take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa Naira miliyan biyar a 2024, kuma a watan Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage. Abin da ya haura miliyan biyar sai an sayar da kadarorin banki kafin a biya. Darasin shi ne a rarraba.

To, nawa ne adadin?

Idan aka haɗa duk waɗannan, ninki 25 shi ne mafi ƙaranci, ba shi ne madogara ba. Wanda ke son kwanciyar hankali sai ya yi lissafi da kashi 3, wato ninki 33. Ga magidanci mai hidimar Naira 300,000, miliyan 120 ke nan, kuma da sharuɗɗa: ya kasance yana zaune a gidan kansa, babu bashi a kansa, mafi yawan dukiyar tana cikin kadarorin da ke tashi tare da farashi, kuɗin karatu da na aurar da yara da na asibiti an ware su daban, sannan akwai tsabar kuɗin hidimar shekara ɗaya zuwa biyu a kusa don kada a tilasta masa sayar da kadara a lokacin faɗuwa.

Ga mafi yawan ma'aikata, wannan adadi ya fi ƙarfin albashi. Sai dai lissafin yana da wata ƙofa. Duk Naira dubu goma da mutum ya rage daga hidimarsa ta wata, ko ya samo ta wata hanya, tana rage miliyan uku daga jarin da yake buƙata a ƙa'idar ninki 25. Idan magidancin nan yana da shagon magani, kiwon kaji ko koyarwa ta 'yan sa'o'i da ke kawo masa Naira 150,000 a wata, buƙatarsa ta sauko daga miliyan 90 zuwa 45. Ƙari a kan haka, kuɗin sana'a suna bin farashin kasuwa, don mai shago yana ƙara kuɗin kayansa idan abubuwa suka tashi.

Shi ya sa abin da ya fi yiwuwa a nan shi ne barin aikin albashi da wuri, ba barin nema gaba ɗaya ba. Kuma akwai hanyar gwaji kafin a rubuta takardar ajiye aiki: mutum ya shekara biyu yana riƙe gidansa da abin da kadarorinsa da sana'arsa ke kawowa kawai, albashin kuma ya riƙa tara shi gefe bai taɓa ba. Idan shekara biyun suka wuce, da azuminsu da sallolinsu da kuɗin makarantarsu, bai taɓa albashin ba kuma bai sayar da komai ba, lissafinsa ya tsaya da ƙafarsa. Idan kuwa kafin wata shida ya kai hannu, gara ya riƙe kujerarsa tukuna.